Barcin Rana a Ɗakin Hajiya Mairo

Tun da kuka zo kuka ce in koya muku wankan jego, na san abin da kuka hango. Kun ga ana zuwa da babur a ɗauke ni, in yini a gidan mutane, in dawo da kular abinci, ranar suna kuma a ba ni turmin zane. Ɗayarku ma na ji ta ce ai ruwan zafi ne kawai da tawul, wa zai kasa? To ku gyara zama. Ruwan zafi da tawul ba za su ɗauke ku mako guda ba. Sauran aikin shi ne mai cin shekaru.

Ni a Kagoma na koya, a hannun Mama Saratu, matar wan babana. Damina guda cur ban taɓa jariri ba. Aikina ɗebo ruwa, faskare, hura wuta, da wanke zannuwan mai jego a bayan ɗaki inda maza ba za su gani ba. Da ta ga na daɗe ina wannan ban gudu ba, sai wata rana ta tsinko ɗanyar gwanda, ta mulke ta da sabulu, ta jefa mini a baho. Ta ce in yi mata wanka, in juya ta, in wanke bayanta, in ɗago ta, kada ta kuɓuce. Ta kuɓuce ba adadi. Duk lokacin da ta faɗa ruwa, Mama Saratu ba ta ko ɗaga kai daga ɓarar gyaɗarta, sai ta ce, "Kin kashe ɗan mutane." In sake ɗauka. Sai da gwandar ta nuna ta fara ruɓewa a hannuna kafin ta miƙo mini jaririn farko.

Kayan aikin ba su da yawa. Baho biyu, na uwa daban na ɗa daban, ba a haɗa su ko da an wanke. Tawul mai kauri na gasa ciki. 'Yar kujera ta tsuguno. Man alayyadi da man kaɗanya. Ganyen dogon yaro idan gidan suna so a ruwa. Zafin ruwan jariri da gwiwar hannu ake gwada shi, domin tafin hannun mai aiki ya riga ya saba da wuta, ƙarya zai yi miki. A zamanin Mama Saratu ruwan uwa sai ya kusa sale fata, kunu kuma sai an narka masa kanwa. Daga baya nas-nas na asibiti suka tara mu, suka ce kanwa da zafin da ya wuce kima suna kumbura mata, suna taɓa zuciya. Na daina tun ranar. Cibiya ma yanzu ba ma gasa ta, maganin asibiti muke shafawa.

Kowane gida da bakinsa. Gidan Hausawan cikin gari kunun gyaɗa ne da yaji da naman kai. Mutanenmu faten acca da ganye. Ibo kuwa farfesun doya da busasshen kifi, da kayan ƙamshinsu da suke sayowa a layinsu na kasuwa. Su a al'adarsu uwar mace ce ke zuwa ta zauna da 'yarta idan ta haihu. Sai uwa ta rasu, ko hanya ta yi nisa, ko ƙarfi ya ƙare, sannan suke nemana. Kada ki shiga gidan mutane ki ce ga yadda ake yi a garinku. Ki tambaya, ki dafa abin da mai jego za ta iya haɗiyewa.

Shekarar da citta ta ruɓe a gona ita ce mafi muni da na gani a wannan sana'a. Kun san kuɗin garin nan daga citta yake fitowa. Da ta lalace tun daga Kachia har ƙauyukanmu, sai komai ya tsaya. Mata ba su daina haihuwa ba, amma an daina kirana. Wadda da za ta aiko a ɗauko ni, sai ta kira ƙanwarta daga ƙauye. Na zauna wata da watanni bahona a kife.

A cikin wannan zaman ne Emeka ya zo. Mai sayar da kayan babur ne kusa da tasha. Matarsa Nkechi haihuwar garin nan ce, babanta ya yi aikin reluwe har ya mutu, Hausa a bakinta kamar tawa. Uwarta ta rasu tun tana makaranta, uwar mijin kuma tana can kudu ƙafafu sun hana ta tafiya. Haihuwar fari ce, mace, suka sa mata Amara. Gidan haya suke zaune, ɗaki da falo, tsakar gida ɗaya da wasu iyalai. A ƙarshen gidan akwai Hajiya Mairo, dattijuwa mai ƙosai, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse Kaduna da Abuja.

Kwanakin farko ban ga komai ba sai abin da na saba gani. In iso da safe, in ɗora ruwa, in yi wa jaririya wanka, in yi wa uwa, in gasa ciki, in dafa. Amma idan na zauna ina kallon shan nono, sai in ga yarinyar ta kama da ƙarfi, ta ja kaɗan, ta saki tana haki kamar wadda ta hau dutse. Goshinta ya jiƙe da gumi alhali da sanyin safiya. Ta yi barci, ba a jima ba ta farka da kukan yunwa. Ta sake kamawa, ta sake saki. Jariran da na sani sukan sha su ƙoshi su saki jiki. Wannan ba ta taɓa ƙoshi ba.

Ku riƙe wannan: ba aikinku ba ne ku faɗi sunan ciwo. Ba ku sani ba, ni ma ban sani ba. Na dai ce wa Emeka ya kai ta asibiti, ya ce wa likita tana gumi idan tana shan nono. Aka duba ta a nan, aka tura su Jos. Suka dawo da labarin cewa akwai rami a zuciyarta. Likita ya ce wani ramin yakan rufe da kansa idan yaro ya girma, wani sai an yi aiki, amma ko wanne ne sai ta yi nauyi tukuna. Ga magani safe da yamma. Nono kuma a ba ta kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kada a bari ta gaji, kada a bari ta ji yunwa.

Faɗin wannan a ofis ɗin likita abu ne mai sauƙi. A ɗaki kuwa ma'anarsa uwa ba za ta kwanta ba. Kafin Nkechi ta gama shayarwa, ta ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa, ta canza mata, ta ba ta magani, lokacin wata shayarwar ya yi. Haka dare, haka rana. Ni kuma yamma na yi nake tafiya gida. Kowace safiya in same ta zaune a bakin gado yadda na bar ta, abincin jiya a rufe ba a taɓa ba.

Mai jego da ba ta barci tana da alamu, kuma sai kun koyi ganinsu, domin ba za ta faɗa muku ba. Ki tambaye ta abu, ta dube ki ta daɗe kafin ta amsa. Ta saka gishiri a shayi. Ta tsaya a tsakar ɗaki da wando a hannu ta manta abin da ta tashi yi. Nkechi ta yi duk wannan. Idanunta suka faɗa, leɓenta ya tsage, kan nonon ya yi rauni saboda yawan kamawa da saki. Sai kuma ruwan nonon ya fara ja baya. Ranar awo aka ɗora Amara a sikeli, nas ta duba kati, ta sake ɗora ta, nauyin bai ƙaru ba. Nkechi ta gane.

Wannan nas ɗin, Sista Hannatu, ita ta koya mini abin da ban iya ba duk shekaruna a aikin. Ta kira ni gefe ta nuna mini yadda ake tatsar nono da hannu a ɗan kofi bayan an ɗora tawul mai ɗumi, da yadda ake zaunar da jariri a cinya a kai bakin kofin leɓensa, ba a zuba masa ba, a bar shi ya lasa da kansa kamar ɗan kyanwa. Ta ce ta haka yarinyar za ta samu abinci ba tare da wahalar ja ba, uwar kuma za ta samu ta kwanta. Ta ce idan uwar nan ba ta yi barci ba, nan gaba kaɗan marasa lafiya biyu za a kawo mata.

Kofin bai yi mini wuya ba, kwana kaɗan na iya. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka ba ma ajiye nono ya daɗe. Abin da aka tatsa da hantsi in rufe shi, in tsoma kofin a kwanon ruwan sanyi kusa da randa, kafin la'asar ya ƙare. Abin da ya gagare ni shi ne Nkechi. Ta yarda ta tatsa, ta yarda in ba da kofi, amma tana zaune a gefena tana kallon ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka. In ce ta kwanta, ta kwanta ido biyu. Yarinya ta yi ɗan tari, ta zabura. Emeka ya yi lallashi, ya yi faɗa. Matan zumunta na cocinsu suka zo suka yi addu'a, suka ce ta bar wa Ubangiji. Ta ce amin, suna fita ta koma bakin gado.

Wata safiya ina gasa mata ciki a makewayi, na juya in ɗebo ruwa, sai na ji ƙara. Barci ne ya sace ta a kan kujera, ta kife gaba, hannunta ya shiga bokitin ruwan zafin da ban sirka ba tukuna. Allah ya taimaka na janye shi da wuri, bayan hannun ne ya tashi. Na tsoma shi a ruwan sanyi. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai shi ne da Amara ce a hannunta fa.

Hajiya Mairo ta ji ƙarar ta fito. Ta tsaya ta dubi hannun, ta dubi fuskar, ta ce mini, "Maman Bulus, yarinyar nan muddin tana jin numfashin 'yarta ba za ta runtsa ba. Ɗakina yana can ƙarshe, ba a jin komai. Da rana ni ina rumfar ƙosai. Ki turo ta."

Nkechi ta ƙi. Na bar ta har ta ci abinci, na shafa mata magani a hannu, sannan na zauna a gabanta na tambaye ta abin da take tsoro.

"Mama, idan ta mutu ina barci fa?"

A irin wannan tambayar ce ake raba mai aiki da mai surutu. Kowa ya ce mata ba za ta mutu ba, kuma ba ta yarda da kowa ba, domin babu wanda ya sani. Ni ban ce haka ba. Na ce mata, "'Yata, rai ba a hannuna yake ba. Amma idan na ga abin da ban gane ba, ko ƙanƙani ne, zan zo in tashe ki. Ba zan tsaya in ga ko zai wuce ba, ba zan ji tausayin barcinki ba. Wannan kam zan iya."

Ta sa na maimaita. Na maimaita. Ta tashi ta bi Hajiya.

Ranar farko ba ta yi nisa ba ta dawo tana leƙe. Rana ta biyu ta ɗan ƙara. A hankali abin ya zauna. Da ta shayar da hantsi, ta tatsa, sai ta wuce ɗakin Hajiya, Hajiya ta saki labule ta ja ƙofa, ta kori yaran gidan zuwa waje. Ni in zauna da Amara da kofina. Da azahar Hajiya ta dawo ta yi sallarta a kan tabarma a bakin ƙofa don kada ta tashe ta, ta ajiye mata kunun gyaɗa a fulas. Emeka ma na ba shi nasa aikin. Na koya masa kofin, na ce shayarwa ɗaya bayan ya rufe shago tasa ce, da wankin wanduna. Ya ce a garinsu namiji ba ya wannan. Na ce a garinsu uwarsa za ta zo ta yi, nan kuwa ba ta zo ba. Ya karɓi kofin. Hannunsa na mai ɗaure noti ne, farko yana zubar da rabi, daga baya ya fi ni haƙuri.

Duk da haka barcin Nkechi bai yi nauyi ba. Hajiya ta ce tana jin ta tana juyi, wani lokaci ta tashi zaune ta kasa kunne.

Wata rana da damina ta yi nisa, ina ba Amara kofi sai ta kau da kai. Na dakata, na sake kai mata, ta ƙi. Na buɗe rigarta. Numfashin ya fi na kullum sauri, ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki, hancin yana buɗewa yana rufewa. Jikin da ɗan zafi, ba mai yawa ba. Nkechi ba ta daɗe da kwanciya ba, kuma daren da ya wuce ba su samu sauƙi ba. Zan iya cewa bari in ɗan jira in gani. Yarinyar ta sha yin haki ya wuce. Amma na riga na faɗi magana. Na ɗauke ta na tafi ƙarshen gidan, na tura ƙofa, na taɓa ƙafar uwar na ce ta tashi, ban gane numfashin nan ba.

Ta miƙe nan take. Ta goya ta, Hajiya ta tsayar da mai babur a ƙofar gida, na hau wani na bi su. A asibiti suka ce sanyi ne ya shiga huhu, ga mai irin zuciyarta kuma ba a wasa da shi. Aka sa mata iska a hanci, aka ɗaura ruwa. Sun yi kusan mako biyu a kwance. A can ma aikin bai canza ba, sai dai wurin. In zo da safe da abinci, Nkechi ta tatsa, in zauna a gefen gadon, ita kuma ta shimfiɗa zane a baranda inda sauran iyaye mata suke.

A wannan barandar ne na fara ganin ta yi barci na gaske. Mutane suna wucewa, ana tura keken marasa lafiya, wata mata tana waya da ƙarfi a kanta, ita kuwa baki buɗe, hannu a yashe, ƙuda ya sauka a kumatunta ba ta motsa ba. Da ta farka ta zo ta karɓi yarinyar, ta ce mini, "Mama, ashe da gaske za ki tashe ni." Na ce ai na faɗa. Daga ranar ban sake roƙonta ta kwanta ba.

Bayan an sallame su nonon ya dawo sosai, har yana jiƙa mata riga. Amara ta fara ɗaukar nauyi, ba da sauri ba, amma duk ranar awo allurar sikeli takan ɗan matsa. Aikin da aka ɗauke ni na kwana arba'in ya kai wajen wata biyar. A shekara mai kyau da ba zai yiwu ba, da wasu gidajen suna jirana. Shekarar ba kowa, shagon Emeka ma ba ciniki, abin da ya samu ya ba ni, wani lokaci doya ce ko mudun shinkafa. Ban yi ciniki da shi ba, shi ma bai yi mini ƙarya ba.

Yarinyar tana nan. Ramin bai rufe duka ba, sun ce ya ragu. Har yanzu suna zuwa Jos, har yanzu da magani, maganar aiki kuma ba a yanke ba. Tana tafiya, tana magana, idan ta yi gudu kaɗan sai ta tsuguna ta huta. Ban san yadda za ta ƙare ba, kuma a wannan sana'a yawancin gidajen da za ku shiga ba za ku san ƙarshensu ba.

Abin da ya fitar da ni daga gidan kira ne daga Zonkwa, wata malamar makaranta ta haifi tagwaye. Na faɗa musu tun da saura mako, na nuna wa Hajiya yadda nake riƙe kofin, na bar wa Emeka wankan yamma. Ranar ƙarshe na yi wa Amara wanka, na shafa mata mai, na ba ta abin da aka tatsa ta shanye. Na wanke bahona biyu na kife su suka bushe, na naɗe tawul na ɗaure a buhu. Emeka ya rufe shago ya zo da babur zai kai ni tasha. Nkechi ta ce lallai sai ta raka ni, ta ma ajiye zanen da za ta ɗaura. Amma da lokacin ya yi tana ɗakin Hajiya.

Emeka ya nufi ƙarshen gidan zai kira ta. Na tsayar da shi, na je da kaina na ɗaga labule. Tana kwance ta ba ƙofa baya, ƙafa ɗaya ta sauko daga katifa. Na waiga na dubi Amara a cinyar Hajiya a tsakar gida, numfashinta daidai, tana wasa da bakin mayafi. Babu abin da ban gane ba. Na saki labulen, na ce wa Hajiya idan ta tashi ta gaishe ta, na ɗora buhuna a kan babur muka tafi.